Zauren Baba, Gidan Inna

Ranar da muka je tantance 'yan fansho ne abin ya taso mini. Mun yini a kan benci, tsofaffin malaman makaranta irina da tsofaffin ma'aikatan asibiti, ana kiran mu ɗaya bayan ɗaya don a tabbatar ba mu mutu ba. Da aka gama da ni, aka yarda ina raye, sai na ce wa mai keken da ya ɗauko ni ya bi da ni ta Unguwar Rimi ko da zai ƙara mini kuɗi. Na daɗe ban bi ta layinmu na da ba, kuma da ƙyar na gane wurin. Gidajen gwamnatin nan masu jan rufi da shingen furanni duk an sayar, an rushe, an tayar da dogayen katangu da waya a samansu. Inda gidanmu yake wani farin bene ne yanzu. Mangwaron da Baba ya shuka da hannunsa babu ko kututturensa. Na ɗauka kuka zan yi, sai ga ni ina dariya ni kaɗai, har mai keken ya waiwayo yana tambaya ko lafiya. Na ce masa lafiya lau, wata mota na tuna.

Kadunan da na buɗe ido a cikinta ba ta da wannan hayaniya. Da asuba muryar ladan ake ji tsurarta ba lasifika, daga nan sai kukan jirgin ƙasa can nesa, sai ƙararrawar kekunan masinjoji masu sammakon ofis. A gidanmu kuwa rediyon Baba ke tashin mu, da ƙaurin gawayin dutsen guga. Ni ke hura gawayin, yayata ke gugar, domin Baba ba ya fita da rigar da ba ta sha sitati har ta tsaya da kanta ba. Famfo na zuba dare da rana. In ƙofa ta lalace a turo kafinta daga ma'aikata, in fenti ya koɗe a zo a shafa sabo, ciyawa ma leburori ke zuwa su sare. Yaron da ya tashi a haka ta ina zai san gidan ba na ubansa ba ne? Ni dai har na yi wayo, a raina kakanninmu ma nan suka zauna.

Baba babban akawu ne a wata ma'aikata, mutum mai tsabta da tsare gida, mai son a yi komai bisa ƙa'ida. Ba ya karɓar na goro, ba ya makara, kuma ya yarda da gwamnati yardar da ban sake ganin irinta ba. Maganarsa kullum ita ce duk wanda ya riƙe aikin gwamnati da gaskiya, gwamnati za ta riƙe shi har bakin kabari. In ya faɗi haka Inna takan ci gaba da tankaɗenta, sai ya fita ta ce mana a hankali ita dai ba ta taɓa jin wanda gwamnati ta haifa ba. Kada a ce bai yi tanadin tsufa ba, ya yi irin nasa. Duk shekara yakan aika wa yayansa, Baffanmu na ƙauye, kuɗi a saya masa saniya a haɗa cikin garke. Sai dai shanun Baba ba su da ƙarko ko kaɗan. In cuta ta shiga garke tasa ce ke fara faɗuwa, in ɓarawo ya zo tasa yake zaɓa, har tsawa ta taɓa faɗowa tsakiyar shanu ta tsallake na kowa ta sami tasa. Baba yakan ji labarin, ya yi salati, ya ce haka Allah ya so, ya sake aika kuɗin wata.

Sauran abin da ya rage na albashi kuwa abu biyu ke cinye shi. Na farko bishiyoyi. Ya cika harabar gidan gwamnatin nan da gwaiba da lemo da mangwaro, yana yi musu ban ruwa da kansa in ya taso daga aiki. Akwai wani mangwaro guda a bayan ɗakin girki da ba shi da zare ko ɗaya, har daga wasu layuka ake aiko yara roƙonsa. Na biyu kuma, wanda ya fi, ita ce Gimbiya. Gimbiya mota ce, koriya, mai dogon hanci, da ya saya da bashin motar da ake bai wa manyan ma'aikata. Ranar da ta shigo gida har guɗa aka yi. Kowace Asabar mukan fito da bokiti da tsumma mu wanke ta, Baba na tsaye yana nuna inda muka tsallake. Gaskiyar magana, mun fi tura ta a kan shigarta. Da safe sai mu jeru a bayanta da kayan makaranta, mu tura har gangaren layi, ta yi tari, ta yi atishawa, ta kama, Baba ya ɗago mana hannu ta taga yana tafiya, mu kuma mu kama hanyar makaranta a ƙafa muna alfahari mu 'ya'yan mai mota ne.

Inna kuwa a gidan kiwo ta tashi, kuma ba ta taɓa sabawa da zaman gidan da babu dabba ba. Takan ce gidan da ba a jin kukan kaza ba gida ba ne, ofis ne. Tana ɗinkin hula, tana yin alkaki da dubulan na biki, ni ce mai kai wa matan ma'aikata in sun yi odar gara. Da ribar ta ɗan taru sai ta sayi kaji da akuya guda ta ɓoye a bayan gida, alhali dokar gidajen ta hana. An ɗan jima ana rufa-rufa, har ranar da akuyar ta tsinke ta tsallaka gidan maƙwabcinmu, wanda ba kowa ba ne illa shugaban Baba a ofis, ta cinye furannin da matarsa ta yi shekara tana raino. Baba ya sa babbar riga ya je ba da haƙuri, ya dawo fuskarsa ba annuri. Washegari duba-gari ya zo ya ba da wa'adi a fitar da dabbobin. Ban taɓa ganin Inna ta yi fushi irin na ranar ba. Ba ta yi faɗa ba, ba ta ɗaga murya ba, sai dai tuwon daren ya yi gudaji, kuma duk mun san dalili.

Cikin makon ta kira dillaliya. Yaran yanzu ba za su gane girman abin da ta yi ba. A zamaninmu jeren mace shi ne darajarta kuma shi ne asusunta: langa-langa da fanteka da samiru, an jera su tun daga ƙasa har kusa da rufi, suna ƙyalli, ba a cin abinci a ciki, sai dai a goge a mayar. Ni ce mai gogewar duk Juma'a, na san kowanne da zanensa. Inna ta sauke su kaf ta sayar, ta haɗa da kwasar adashenta, ta bai wa ƙaninta, Kawunmu tela da ke Unguwar Sarki, ta ce ya nemo mata fili inda duba-gari ba ya zuwa. Kawu ya samo mata a Kinkinau. Mata suka yi ta tsegumi cewa Malam ya karye har an fara sayar da kayan ɗaki. Ni ma na ji kunyar bangon nan da ya koma fayau, na daina kawo ƙawayena ɗakin. Baba da ya ji inda filin yake dariya ya yi har da tari, ya ce dukiyarta ce, ba shi da ta cewa, amma daga ranar ya raɗa mata suna Magajiyar Daji.

Ba sharri ya yi mata ba. Wanda ya san Kinkinau ta yau, shago na jingine da shago, masu keke na rububin fasinja, ba zai yarda ba in na ce gonakin dawa ne da ciyawa mai tsawon mutum. Gidaje ɗai-ɗai ne na manoma. Wani tsoho da gonarsa ke kusa shi ya karɓi riƙon dabbobin, in sun haihu a raba. Ranar Asabar in an gama wankin Gimbiya, Baba yakan kwashe mu da Inna ya kai mu daidai inda kwalta ta ƙare, ya tsaya. Ko da wasa ba ya barin tayarta ta taɓa turɓaya, shi ma bai taɓa sauka ya je ya ga wurin ba. Sai ya ce a gaida masa kuraye, ya juya. Mu kuma mu ɗora dusa da ƙanzo a ka mu bi 'yar hanya, Kawu na gaba da sanda. Waɗannan Asabar ɗin su ne mafi daɗin kwanakin ƙuruciyata. Babu mai cewa kada ki ɓata riga. Mu yi ta tseren kama 'yan awaki, mu gasa masarar da tsohon ya ba mu, mu sha ruwan rijiyar da Inna ta sa aka haƙa, mai sanyi da ɗanɗanon ƙasa. A wata irin ranar ce muka tafi da ƙwallayen mangwaron nan na Baba da muka gama tsotsa, muka binne a kusa da bakin filin. Guda ɗaya ya tsiro, muka yi masa shingen ƙaya saboda awaki, ni da ƙanena muna rige-rigen ba shi ruwa.

Kada kuma a ɗauka Inna wata mai hangen nesa ce da ta san gari zai biyo ta. Ita da bakinta ta sha faɗa cewa wurin kaji ta nema, sauran Allah ne ya yi. Ginin ma ba ta iya lissafinsa ba. Katangar farko da ta sa aka ja mata ta ƙasa ce, an fara ta dab da damina, ruwa guda ya kwantar da ita. Ta zauna a kan tarin ƙasar ta yi ta kallo, can ta ce ai ko ba komai awaki sun sami abin hawa. Daga baya a hankali ta ta da ɗakuna biyu, sai ƙarfinta ya ƙare a wurin rufi. Shekara da shekaru suna tsaye baki buɗe, ciyawa na fitowa a ciki, ƙadangaru na shan rana a kan bango.

Ina kwalejin horon malamai lokacin da ritayar Baba ta zo. An yi masa walima a ofis, an yabe shi, an ba shi agogon bango. Tare da agogon aka sanar da shi wa'adin barin gida. Garatutin da ya fito bai kai yadda ya zata ba bayan an cire ragowar basussuka, fansho kuwa aka ce takardu na kan hanya, kuma duk ma'aikaci ya san tsawon wannan hanya. Gimbiya ma kamar ta ji labari, ta yi ritayarta ita ma. Makanikai suka gaji, aka ɗora ta a kan duwatsu ƙarƙashin mangwaro. Baba ya shirya ya tafi ƙauye ya duba shanunsa da ɗakin mahaifinsa. Bai daɗe ba ya dawo da ƙwan zabi a ƙwarya. Daga baya muka ji babu saniya ko ɗaya, ɗakin kuma 'ya'yan Baffa sun yi aure a ciki. Ya daina kunna rediyo. Da safe yakan sa rigarsa mai sitati kamar mai zuwa ofis, ya zauna a baranda har azahar. Ranar da matar sabon ma'aikacin da aka bai wa gidan ta zo auna tagogi don ɗinkin labule, ta kuma tambaya ko mangwaron nan yana da zaƙi, na shiga bayan gida na yi kuka mai isata.

Inna ta bari sai da Baba ya ci abinci, sannan ta ce masa ga fili can, ga ɗakuna, ga rijiya, rufi kawai suke jira, kuma abin da ke hannunsa zai isa.

Baba ya ajiye kofin ruwa ya ce, "Ni in tare a gidan mace? Shekara da shekaru ina ba da umarni a ofis, in ƙare a mijin-ta-ce? Gara in kama haya."

Ta ce to ta ba shi filin kyauta, a kira shaidu. Ya ce kyautar ta fi zaman muni, don ko bayan ransa za a ce matarsa ce ta rufa masa asiri. Ba taurin kai ne kawai ba. A majalisarsu ta tsofaffin ma'aikata, namijin da ke zaune a gidan matarsa ba ya da bakin magana, ko gardamar ƙwallo ake sai a ce masa ya bari ya tambayo izini. Baba ya rasa ofis, ya rasa gida, ya rasa shanu, abin da ya rage masa kawai shi ne a kira shi maigida. Amma mu ma mun san abin da haya ke nufi. Ɗaki da falo a cikin gari, garatuti ya narke a hannun mai gida, ƙannena a rarraba su gidajen dangi, ni kuma in bar kwaleji. Har an fara maganar wanda zai je wurin Kawu da wanda zai je ƙauye. Tsoro ya kama ni sosai, na riƙa ƙirga ƙannena da ido in muna cin abinci.

Wata rana bayan la'asar Baba na zaune a kan tabarma kusa da Gimbiya yana goge fitilarta da gefen hannun riga, ni ina tsintar shinkafa a bakin ɗakin girki. Motar ma ta zame masa damuwa, don dole a fitar da ita, kuma ba mai taya ta sai masu sayen tsohon ƙarfe, shi kuwa ya rantse ba za a farfasa ta yana raye ba. Sai Inna ta fito da lulluɓinta kamar mai zuwa unguwa, ta yi sallama, ta durƙusa daga gefe.

"Malam, motar nan ta sayarwa ce?"

Ya dube ta ya ga ko zolaya ce, ya ga ba ta dariya. Ya tambaye ta me za ta yi da mota, ta ce wannan ba ruwan mai sayarwa. Ya ce da me za ta biya.

"Da bakin filina. Daga hanya zuwa inda zaure da ɗakin namiji za su zauna. Ciniki ne, ba kyauta ba. In bai yi maka ba in nemi wata motar."

Na ɗauka Baba tashi zai yi. Can ya gyara zaman hularsa, ya kawar da kai gefe yadda 'yan kasuwa ke yi, ya ce, "Albarka."

Farantin shinkafar ya kusa suɓuce mini don murna. Duk wanda ya taɓa zuwa kasuwa ya san mai cewa albarka bai ƙi sayarwa ba, ƙari yake nema. Daga nan fa aka shiga ciniki na gaske, aka yi kwanaki ana yi. Baba ya ce motarsa ba a taɓa buga ta ba, kujerunta na fata ne, batirinta sabo ne. Inna ta ce ita ba ta ga amfanin sabon batir a motar da ke zaune kan duwatsu ba. Ya ce a ƙara masa wurin alwala, ta ce to ya haɗa mata da tayar safaya. Rediyo ya dawo da magana a gidanmu. Baba ya koma cin tuwo har da neman ƙari, yana cewa bai taɓa ganin mai saye mai tsaurin ido irin Magajiyar Daji ba.

Ranar ƙulla ciniki, a karon farko Baba ya taka ƙafarsa ya wuce ƙarshen kwalta. Ga liman, ga mai unguwa, ga Kawu, ga tsohon mai riƙon awaki, an kawo goro. Aka ja igiya ana kafa turaku. Ana cikin haka Baba ya tsaya cak a gaban mangwaron da muka shuka, wanda a lokacin ya yi rassa har ya fara 'ya'ya. Ya tsinki ganye ya murza ya sansana, ya dube mu. Ƙanena ya ce ai ɗan na bayan ɗakin girki ne. Baba ya juya baya ya daɗe yana gyaran hula. Da ya juyo sai ya ce a tsaya, wannan bishiya jininsa ce, dole ta faɗo cikin rabonsa. Inna daga bayan katanga ta aiko Kawu ya ce ruwan rijiyarta ta sha ta girma. Liman kuwa yana ta danne dariya. A ƙarshe aka bi da igiyar ta gindin bishiyar, aka yanke cewa inuwa ta Malam ce, 'ya'ya na mai gida. Baba ya ce ya sallama, aka shafa fatiha, aka raba goro.

Da a-kori-kura aka jawo Gimbiya, yaran unguwa na biye suna ihu. Aka tura ta har tsakar gida tun kafin a ja katangar gaba, saboda haka da aka gama gini ba ta da ƙofar fita har abada. Sai a lokacin Inna ta nuna abin da ta saye ta dominsa. Ta sa aka zuba ƙaiƙayi a kujerar baya, ta buɗe ƙofa, kaji suka shiga. Baba ya tsaya yana kallon wata jar kaza ta hau sitiyari ta yi zamanta, ya buɗe baki zai yi magana, Inna ta tuna masa cewa ya sallama a gaban liman. Shi kuwa da garatutinsa ya gina zaure da turaka na bulo da siminti, ginin da har yau bai tsage ba. Da kwanon rufi ya zo sai aka ga ya fi ƙarfin ɗakunansa biyu nesa ba kusa ba. Ya sa aka rufe na Inna gaba ɗaya, har da ɗakin girki, ya ce wannan haƙƙin maƙwabtaka ne, ba zai kwana a inuwa maƙwabciyarsa na cikin ruwa ba. Ba a raba mu ba, ko ɗaya daga cikinmu bai kwana a gidan wani ba, ni ma na gama kwalejina.

Tun daga ranar da muka tare, Baba bai taɓa shiga cikin gida kai tsaye ba. Yakan tsaya a ƙofar da ta raba zaure da tsakar gida ya yi sallama, ya ce ko maƙwabciya na ciki. Inna ta amsa ta ce wa ke sallama, kamar ba ta san muryar ba. In abokansa na majalisa sun zo da niyyar tsokana, sai ya nuna musu turakun iyaka, ya ce nan da suke zaune halak malak ɗinsa ne, da motarsa ya saya, ga shaidu nan da ransu. Wasu daga cikin masu tsokanar a gidan haya suka tsufa, suna yawo daga wannan unguwa zuwa waccan, kuma a zauren nan suka riƙa yini suna shan inuwar mangwaro. Baba bai taɓa gorantawa kowa ba.

Fansho ya zo daga baya, yana zuwa yana ɗaukewa kamar wutar lantarki. Watan da ya zo Baba ya sayo buhun hatsi da nama ya aika cikin gida da girman kai. Watan da bai zo ba, ƙwan Gimbiya da 'yan awaki da mangwaro su riƙe gidan, ba wanda ya ji a waje. Gari kuma ya yi ta matsowa har ya cim mana ya wuce. Baba ya fasa gefen zaurensa ya fitar da shago ya ba tela haya, ya zama mai rubuta wa unguwa takardu da sasanta rigimar iyaka, tunda ai ya ƙware. Inna da kuɗin awakinta ta sauke farali ta dawo Hajiya. Da na dubi abokan aikina a kan bencin tantancewa, wasu ko kuɗin komawa gida sai an haɗa musu, na san ba don na fi su albashi ko dabara nake kwana da kwanciyar hankali ba. A gidan nan nake zaune, hayar shagunan gaba ke cika mini inda fansho ya gaza. Jikokina kuwa a cikin waya suke ajiyarsu, suna nuna mini wasu layuka masu hawa da sauka. Ina yi musu addu'a, ina kuma tambayar su ko akwai inda za a ɗaure akuya a ciki.

Inna ce ta riga shi tafiya. Da aka zo rabon gado malamai suka fitar wa Baba kasonsa na miji a cikin gidan, ya karɓa don kada ya saɓa wa shari'a, a take kuma ya ce ya bar mana, shi abin da ya saya ya ishe shi. Ya ci gaba da zama a turakarsa, ya ɗauki kiwon kajinta a kansa, mutumin da a da ko ƙwai ba ya ɗauka da hannunsa. Kowace safiya nakan ji takunsa da kwanon tsaba, ya tsaya a ƙofar nan ya yi sallama, ya ɗan dakata daidai tsawon amsar da ya saba ji, sannan ya shigo. Wata rana wasu ma'aikata masu lissafin gidaje suka zo, matasa, suka same shi a inuwar mangwaro, suka gaishe shi suka ce ai shi ne mai gidan. Ina daga ciki ina jin su. Baba ya gyara zama, da muryar nan tasa ta babban akawu, ya ce su rubuta daidai.

"Gidan Hajiya ne. Ni maƙwabcinta ne, zaure kawai na saya."